Abin Sauraron da Na Zaɓa wa Ɗan Farina

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Wannan da zan ba ku ba irin wadda ake yi wa yara su yi barci ba ce. A kaina ta faru, a nan Garwa. Kasuwar tana nan, hanyar ma tana nan, ni ce dai na daina bin ta.

Ni 'yar mahauta ce, matar mahauci, uwar mahauci. Kakanninmu fatauci ya kawo su ƙasar nan, suka ga shanu, suka zauna. Ban shiga lekol ba, makarantar boko ke nan. Haihuwa bakwai na yi, huɗu suka tsaya, amma biyu ne kawai za ku riƙe a labarin nan: na farin, namiji, da autar, mace.

Sai na fara gaya muku yadda muke da ɗan fari, don na ga yaran yanzu abin ya fara yi musu nisa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi. Fulanin da muke zaune cikinsu ma sun fi mu riƙon abin. Ranar da aka yaye shi kakarsa ta goya shi ta tafi da shi gidanta, can ya girma, ƙofa uku tsakaninmu. In zan ambace shi sai in ce Babba. In ya zo gaishe ni ranar Juma'a, a bakin ƙofa yake durƙusawa, labule a tsakani, ya gaishe ni, in tambaye shi yara, ya tashi. In ina da saƙo gare shi, ta bakin wani yake bi. Shekara arba'in da 'yan kai haka muka yi. Ba wanda ya ga aibu a ciki, ni ma ban gani ba.

Mahaifinsu ciwon sukari ne ya ci shi. Wani ɗan ƙashi ya soke shi a tafin ƙafa a mayanka, rauni kamar ƙwayar gero. Muka sa masa magani, muka ɗaure. Raunin ya ƙi rufewa. Aka yanke yatsa, aka yanke ƙafa, daga baya aka ɗauke shi gaba ɗaya. Ni na yi jinyarsa daga farko har ƙarshe, na san warin ciwon nan, na san yadda yake tafiya a jikin mutum a hankali kamar ruwa a gindin katanga.

To, Babba ya gaji sana'ar. Ya riƙe wuƙa shekara da shekaru, har ya kai ga shi ke zuwa sayen shanu, wani mako Bogo, wani mako Ngawundere, wasu na yanka masa. Da hanyar arewa ta lalace a shekarun tashin hankalin nan, tafiyar ta ragu, zama ya yi yawa. Ya zauna a benci a bakin rumfa, ga shayi, ga tsire, ya yi jiki, wuya ya haɗe da kafaɗa. Wata rana autar ta shigo mini ta zauna ba ta cire mayafi ba, ta ce an auna jinin Yaya a lopital, wato asibiti, ciwon babansu ne. Ina tankaɗe a lokacin. Na ce mata Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da tankaɗe. Sai da ta fita na ga garin duk a ƙasa na zuba shi, ba a cikin ƙwarya ba.

Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya hana shi abin da ya hana shi, sannan ya ce maganin da ya fi duka shi ne ya motsa jiki kullum har gumi ya zubo. Ya fara da tafiya, ya koma sassarfa, ya koma gudu. Bayan sallar asuba yake fita, ya sa takalmin tenis da dogon wando, ya bi ta bakin Binuwai, ya zagayo ya ƙare a mayanka, ya yi wanka can ya sa rigarsa.

Kun san garin nan. Soja ya yi gudu ba a kallonsa, ma'aikatan da suka zo daga kudu su yi gudu ranar Lahadi a ce al'adarsu ce. Amma babban mahauci mai furfura a gemu, mai 'ya'ya mata da suka isa aure, ya fito titi yana gudu ba abin da ya koro shi, ai an sami abin magana. Masunta abokan wasanmu ne, su nasu da sauƙi. Suna gyaran taru a bakin ruwa su ɗaga murya su ce nama ya ƙare ne, Alhaji, ka zo roƙon kifi da gudu? Shi ma ya mayar musu. Masu moto, wato babur, su yi masa hon su tambaye shi ɓarawon yana gaba ne ko yana baya. Duk wannan ya shanye. Wadda ta shige shi ita ce ta sa'o'insa, masu zama a ƙofar masallaci bayan an idar. Su ba sa ɗaga murya. Yana wucewa sai ɗaya ya ce wa ɗaya, daidai yadda zai ji, wai mutuwa yake gudu, bari mu ga ko zai tsere mata.

Daga nan ne ya sayi abin sauraron nan na sawa a kunne, wanda ake haɗawa da waya, a nan ekuter muke ce masa. An zuba masa karatu a wayar, an zuba masa kalangu, kiɗanmu na mahauta. Autar ta ce da karatun yake fita, in gajiya ta fara kama shi ya juya kalangun, ƙafa ta sami abin bi. In ya sa su ya sunkuyar da kai, bakin kowa sai ya zama motsi kawai. Da haka ya riƙe gudun. Jiki ya sauka, likita ya ji daɗin awo, ranar Juma'a na ji durƙusonsa ya yi sauƙi, ba ya dafa bango in zai tashi.

Sai zafi ya shigo. Zafin Garwa na kafin ruwan farko, wanda ko da asuba bango da ɗumi. Shi kuwa mutum ne mai gumi, kamar ubansa, in ya yi gudu rigarsa sai a matse ta. Gumin ya riƙa bin bayan kunne yana shiga cikin abin. Na farko ya yi kwana goma, kunne ɗaya ya mutu. Ya sayi wani, ya fara shaƙewa kamar mai mura, ya mutu. Autar ta kawo mini guda ta nuna mini, ramin da murya ke fitowa ya yi fari fat da gishiri. Ya sayi babba mai rufe kunne duka, mai soso, soson ya sha gumi ya yi wari, fatar ta ɗaye. Tsakanin mutuwar wannan da sayen wancan sai ya fita kunne a buɗe, maganar masu zaman masallaci ta same shi. Ya fara tsallake kwana ɗaya, ya koma tsallake biyu. Ranar da autar ta ce mini mako guda ke nan takalman Yaya suna kan katanga ba a taɓa su ba, na san inda hanyar nan take zuwa, don na taɓa bin ta da wani.

Kwana biyu ina juya abin. Ba zan iya aika masa in ce ya koma gudu ba, wannan magana ce ta wadda ke lura da shi, kuma ni bai kamata a ga ina lura ba. A rana ta uku na ce wa mutanen gida zan je barka, na ɗaure mataccen ekuter ɗin a bakin zane, na ƙulla ɗan gishiri a leda, na hau moto zuwa babbar kasuwa.

Layin masu waya ban taɓa shigarsa ba. Na wuce rumfa uku don masu su sun san danginmu. A ta huɗu na tarar da wata mata 'yar kudu, doguwa, kai ba ɗankwali, tana cin gyaɗa. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Faransanci, muka haɗu a Fulatanci, nata a karkace amma yana tafiya. Na kwance bakin zane na ajiye mata gawar abin a kan tebur, na ce ina son wanda gumi ba ya kashewa. Ta juya shi, ta kankare gishirin da farce, ta yi dariya ta ce wannan ai na zama a inuwa ne. Ta tambaye ni wa ke gudun. Na ce wani mutum ne a unguwarmu. Ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba.

Ta ce ita ma tana gudu ranar Lahadi, ta san matsalar. Ta fito da kwali biyu, ta nuna mini wani ɗan rubutu a gefen kowanne, ta ce wannan alamar ita ke nuna ruwa ba ya shiga, duk wanda ba shi da ita kada in saya ko mai shago ya rantse. Ta ce in guji mai soso. Ta ce in duba inda ake sa masa wuta, in da murfi ko a shafe yake, don ta nan gumi ke fara ɓarna. Ta ce bayan kowane gudu a goge shi da tsumma mai ɗan laima a bar shi ya sha iska. Sannan ta ɗauki na gwaji ta yayyafa masa ruwan leda, ta kara mini a kunne, yana ta waƙarsa.

Na ce mata ruwa daban, gumi daban. Na ciro gishirina. Ta kira ni yadda Fulani ke kiran uwa, ta ce, “Daada, miya za ki yi mini a shago?” Amma ta miƙo murfin kwalba, na jiƙa gishirin, na ɗiga wa kowanne, muka zauna muka jira ya bushe tana ba ni gyaɗa. Duka biyun suka rayu.

To, ga bambancinsu. Na farko a bayan kunne ake rataya shi, ya zauna a gefe, ramin kunnen a buɗe. Na biyu yana da 'yan robobi masu laushi da ake turawa ciki su toshe ramin, girma uku a cikin kwalin. Ta sa mini na farkon a ƙarƙashin mayafi. Ina jin kiɗa, ina kuma jin mai turin kaya yana neman hanya, ina jin wata tana ciniki a rumfar gaba, kalma kalma. Ta cire ta sa mini na biyun. Kasuwar Garwa gaba ɗaya ta ɗauke. Ga mutane suna wucewa, ga matar nan bakinta yana motsi a gabana, ba na jin komai sai kiɗan. Na tuna masu zaman ƙofar masallaci. Na ce wannan nake so.

Ta ce in dai a titi mutumin yake gudu, na farkon ya fi, shi take sawa ita ma, don mai gudu yana bukatar jin abin da ke bayansa. Na ce abin da ke gefensa ne ba na so ya ji. Ina ganin ta gane fiye da abin da na faɗa. Ta tambaye ni girman kunnensa don ta sa masa robar da ta dace. Rabona da in dubi kunnen Babba da kyau tun yana shan nono. Na zaɓi wadda na ga za ta yi wa ubansa.

Tana sa kwalin a leda ta riƙe hannuna, ta faɗa mini a hankali, yadda ba zan ce ban ji ba.

“Daada, ki gaya masa. In yana kan hanya, kunne ɗaya kawai zai sa. Ɗayan ya bar wa hanya.”

Na ce na ji. Na kuwa ji, ban manta ba, har na hau moto ina maimaita ta.

Gidan autar na wuce. Na ba ta ledar na ce ta kai wa Yayanta, ta ce mijinta ne ya kawo masa daga tafiya. Ta buɗe kwalin, ta dube shi, ta dube ni. Autata bakinta ba ya da linzami, ita kaɗai ce cikin 'ya'yana take yi mini wasa, ni na sake mata tun tana ƙarama. Ta tafa hannu ta ce, “Inna, ke da kanki kika shiga layin masu waya? Ashe dai ana son Babba a ɓoye.” Ta kira maƙwabciyarta wai ta zo ta ga abin mamaki.

Maganar matar nan tana kan harshena a lokacin, na rantse muku tana kan harshena. Amma kunya ta taso mini daga ƙafa har ka. Na ga in na ƙara da cewa ya sa kunne ɗaya, ya kula da hanya, ya yi kaza, to na tsaya a tsakar gidan surukina ina lissafa yadda ɗan farina zai kiyaye kansa, a gaban baƙuwa. Na ɗaure fuska na ce hanya ce ta bi da ni ta wurin, ban da haka me ya dame ni. Na ja mayafina na fita. Na ce a raina gobe zan aiko mata da sauran saƙon.

Gobe ta zo na ce jibi. Kuma ga shi abin ya yi aiki. Washegari takalman suka sauka daga kan katanga. Autar ta ce Yaya ya ce bai taɓa samun irinsa ba, gumi na zuba yana kiɗansa, kuma ko jirgi ya sauka a gefensa ba zai sani ba. Ta faɗe ta tana dariya, na ji wani abu ya taɓa ni, na bar shi ya wuce. Juma'ar da ta biyo ya zo gaisuwa, iska ta ɗaga labule, na ga abin a aljihun gaban rigarsa. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Kalma shida ce ko bakwai. Na tambaye shi yara, ya ce suna lafiya, ya tashi.

Wata huɗu yana gudu. Ruwa ya sauka, zafi ya karye, Binuwai ya cika ya rufe yashi. Na riƙa gaya wa kaina cewa shi babba ne, ya san hanya, da asuba ma motoci ba su da yawa. Mota nake tsoro, ita kaɗai nake kawowa a raina.

Ranar wata Talata ce. An sauke shanu daga Bogo, ana kora su zuwa mayanka da sassafe kamar yadda aka saba. A cikinsu akwai wani jan bijimi mai dogayen ƙahoni, irin na daji da bai saba da gari ba. Ya ji warin jini tun daga nesa, ya fizge igiya daga hannun mutum biyu, ya miƙe hanya. Babba yana gaba, ya juya baya, saura kaɗan ya ƙarasa. Waɗanda ke wurin duk mutanensa ne, wasu shi ya koya musu riƙon wuƙa. Sun ce sun kira shi da sunansa, sun kira shi da laƙabinsa, sun buga ƙarfe, wani ya jefa takalmi bai kai ba. Akwai katangar da in ya yi taku uku gefe ya tsira. Mutumin da tun yana ɗan shekara bakwai yake cikin shanu, wanda in sa ya yi huci a bayansa ya san ko wasa yake ko da gaske, bai waiwaya ba. Bijimin ya ɗauke shi ya yar a kwata. Ƙugu ya karye, ƙaho ya tsaga masa sha-raɓa.

A lopital aka haɗa ƙashin, suka ce zai kama. Ni raunin ƙafar nake kallo. Na je na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da yake, ban shiga ba, na hango farin ƙyallen da aka naɗe, na san shi kamar tsohon maƙwabci. Mutumin da ke kwance ba ya gudu, wanda ba ya gudu sukarinsa hawa yake, raunin mai sukari kuwa ba ya rufewa. Ba sai likita ya gaya mini ba.

Autar ta daina cin abinci. Ta ce ita ta kai masa, da hannunta ta ba shi. Masu zaman masallaci kuma suka ce ai ga shi nan, sun faɗa. Da na ga yarinyar za ta lalace, na kira ta ɗakina na gaya mata abin da mai shagon ta ce, da yadda na riƙe shi. Ta daɗe tana kallona. Ta ce da ba ta yi mini wasan nan ba da na faɗa. Na ce wata huɗu na samu bayan wasanta, ita nata na minti ɗaya ne. Ta tashi ta ɗora mini ruwan alwala, abin da ba ta saba ba.

Aka dawo da shi gida bayan mako shida. Ƙugun ya kama, ƙafar ta fara wari. Ranar da aka sa za a mayar da shi a yanke ta, na tashi da hantsi na tafi gidansa. Ban taɓa shiga ɗakinsa ba sai ranar. Matarsa, yarinya mai haƙuri, ta ruɗe ta shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, na wuce ta na zauna a ciki. Ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, sai ya juya fuskarsa bango. Ni ma na juya tawa wajen matar. Mu uku ne a ɗakin.

Na ce mata, “Ki gaya wa maigidan nan, abin da ya sa a kunne ni na saya. An ce mini in gaya masa kunne ɗaya zai riƙa sawa a hanya. Ban gaya masa ba.”

Ta buɗe baki za ta maimaita, ta ga ba amfani, ta rufe. Fanka tana juyawa. Can ya yi gyaran murya, fuskarsa tana bango, ya ce ta gaya wa Inna ya sani tun ranar farko, don mijin autar ko goro bai taɓa kawo masa daga tafiya ba. Ya ce wata huɗun nan da ya yi yana fita ba ya jin kowa, bai taɓa samun hutu irinsa ba tun da ya girma.

Sannan ya ce, “Ki gaya mata ko an faɗa mini, da ban cire ba.”

Na ce Allah ya ba da lafiya, na tashi. Ina tafe a hanya ina auna maganar. Na so in yarda da ita, har yau ina so. Amma a duk rayuwarsa ban taɓa aika masa saƙo ya ƙi ba. Na taɓa aikawa ya bar hawan babban moto, ya sayar da shi a makon. Na aika ya mayar da wata saniya da na ji ana shakkar inda ta fito, ya mayar ya yi asara bai ce uffan ba. Da na ce kunne ɗaya, kunne ɗaya zai sa. Ya sani, na sani. Ya faɗi abin da ya faɗa ne don in iya tashi in kai kaina gida.

Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Ya yi shekara ɗaya da watanni yana zama a kujera a ƙofar gida, mahauta suna zuwa shawara. A wannan shekarar kullum ina zuwa da hantsi in zauna a tsakar gidan, in tsince wa matarsa shinkafa, shi yana can ni ina nan. Ba mu ƙara tayar da maganar ba. Ciwon ya koma ɗaya ƙafar, daga nan ya shiga ƙoda. Ya rasu a ƙarshen damina, da rana tsaka, bai kai shekarun ubansa ba.

Matarsa ta gama takaba ta zauna da yaranta a gidan, tana tuyar awara a ƙofa, manyan 'ya'yan mata biyu sun yi aure. Rumfarsa ƙaninsa ya karɓa, shi kuma sana'ar ba ta karɓe shi ba, ya bar ta ya koma jigilar shanu zuwa Ngawundere. Bijimin a ranar aka yanka shi, aka sayar da namansa kamar na kowane sa. Masu zaman ƙofar masallaci suna cikin waɗanda suka ɗauki gawar, biyu daga cikinsu yanzu su ma suna zuwa awon jini. Matar shagon na sake neman ta sau ɗaya, ban san me zan ce mata ba ma, na tarar wani ne a rumfar, aka ce ta koma kudu wurin danginta. Autar mijinta ya sami gona a Bibemi, suka tashi. Tana kira na a waya ranar kasuwarsu, tana aiko mini da gyaɗa da masara, amma ta daina yi mini wasa. Ni kuwa ina nan Garwa, a ɗakin da aka kawo ni ina amarya. Idona ya rage, gwiwa ta ƙi, kunnena ne kawai har yanzu ba abin da ya same shi.